Zankwayen Baba a Saman Gidan Balad

Mahaifina ya yi shekara arba'in da wani abu yana gadin wani tsohon gida a Balad, tsohuwar unguwar Jidda, inda gidaje ke jingine da juna kamar tsofaffi a sahun salla. Gidan hawa huɗu ne, na dutsen teku, da tagogin katako masu leƙowa kan hanya waɗanda ake ce wa roshan. Masu gidan sun tashi tun kafin a haife ni, sun koma arewacin gari inda mota ke kai mutum har bakin ƙofa, suka bar wa Baba makullai. A iƙamarsa, takardar izinin zama a ƙasar, an rubuta haris, wato mai gadi. Amma shi magini ne ɗan magini daga Damagaram, kuma duk wanda ya taɓa yin musabaha da shi ya ji haka a tafin hannunsa.

Wata shekara, ina goye a bayan Inna, aka yi ruwa irin na Jidda, wanda sai ya shekara bai leƙo ba, in kuma ya tashi zuwa ya zo da fushinsa. Katangar da ta kewaye saman gidan, wadda maginan Hausa ke kira rawani, ta zube. Tsohon mai gidan ya zo ya duba, ya dafa kafaɗar Baba ya ce ya yi dabara, ya shiga motarsa. Ba takarda, ba izini, ba kowa. Baba ya tsince duwatsun ɗaya bayan ɗaya, ya jiƙa nura, farar ƙasar da ake gini da ita a nan, ya riƙa hawa kullum bayan la'asar shi kaɗai har ya tayar da katangar. Da ya kai ƙarshe sai hannunsa ya yi abin da ya saba yi tun a gida: a kowace kusurwa ya ɗora zanko, ɗan tsinin nan da ke kan soraye a ƙasar Hausa. Guda huɗu. Ba mai yin haka a Jidda. Mai gidan ya gani, ya yi dariya har da riƙe ciki, ya ce gidansa ya fito da ƙaho, ya kuma bar su.

Mu a Karantina muka tashi. Gidanmu na can ma Baba ne ya gina shi, ɗaki ɗaya bana, ɗaya baɗi, gwargwadon yadda haihuwa ta zo. Da aka zo rushe unguwar, aka yi wa bangonmu rubutu da fenti kamar na kowa, muka kwashe abin da ke kwasuwa. Inna ta riga ta rasu a lokacin, don haka Baba ya dawo wurina da mijina a unguwar Kurayyat. Bai je ya ga rusau ɗin ba, bai kuma tambayi waɗanda suka je ba. Sai wata rana yana shan shayi ya ce mini, "Uwata, saura ɗaya." Uwata yake ce mini saboda sunan mahaifiyarsa aka sa mini. Na ce saura me? Ya ce saura abu ɗaya da hannunsa ya yi a ƙasar nan wanda ke tsaye har yanzu. Katangar saman gidan mutane yake nufi.

Ba a jima ba magadan gidan suka yanke shawarar gyara shi ya zama masaukin baƙi. A Balad kuwa yanzu ko ƙusa ba ka bugawa a tsohon bango sai ka bi ta hannun lajna, kwamitin da ke duba duk wani gyara. A kai musu zanen gidan, a nuna abin da za a taɓa da abin da za a bari, su zo da ƙafarsu su gani, sannan su zauna su yanke. Jikan mai gidan, wanda shi ne kafilin Baba a yanzu, wato mai tsaya masa a kan takardar zama, mutum ne mai ladabi amma mai gaggawa, kuma sun gasa masa aya a hannu. Ya so lif, suka ce a'a. Ya so a huda roshan a sa na'urar sanyi, suka ce ya nemi wata hanya. Launin fentin katako kaɗai sau biyu suna mayar masa da shi. Ni kam a lokacin haushinsu nake ji. Na ce wa mijina, ga mutane na neman inda za su sa haƙarƙarinsu, waɗannan kuma sun zauna suna musu a kan ko kore ne ko shuɗi.

Ranar da za su zo duba gidan, Baba ya ce in raka shi. Yana jin Larabci sarai, yana ciniki da shi, yana faɗa da shi, amma da zarar ya ga mai riƙe da takarda sai harshensa ya yi nauyi. Ni kuwa haihuwar nan ce, bakina ba ya tsayawa.

Su biyar suka zo da hantsi. Biyu ne suka tsaya mini a rai. Ɗaya muhandisa ce, wato injiniya, mace mai ƙaramin jiki, ta tattare abayarta da hannu ɗaya, ɗaya hannun riƙe da 'yar guduma. Tana tafe tana ƙwanƙwasa bango tana kasa kunne. Ɗayan kuma tsohon magini ne ɗan asalin garin, suna ce masa mu'allim. Shi in ya zo wurin da bai yarda da shi ba, sai ya kankare yaɓen da farce ya sa a harshe, ya ji ko gishiri ya ci shi. Na yi niyyar yin dariya, sai na ga Baba yana gyaɗa kai. Sun fi awa biyu kafin su kai hawa na huɗu, ba ɗakin da suka tsallake, har makewayi.

Da muka fito sama, muhandisar ta tsaya cak. Ta zagaya zanko ɗaya, ta shafa shi, ta koma baya ta kalle shi, ta ɗauki hoto. Sannan ta juyo wurin Baba.

"Ya ammi, wa ya gina wannan?"

Baba ya dube ni. Kafin ya buɗe baki na riga shi.

"Ma na'rif," na ce. "Ba mu sani ba. Haka muka tarar da shi."

Ta ce ko ya taɓa jin labarin wanda ya yi, ko shekarar da aka yi? Na ce wallahi shi mai gadi ne kawai, buɗewa da rufewa ne aikinsa. Ta kalle ni, ta kalle shi, ta rubuta wani abu a littafinta. Baba yana tsaye da makullai a hannu, ya ji duk abin da na faɗa.

Wanda bai tashi a irin unguwarmu ba zai ce wace irin 'ya ce wannan. Amma mu da wannan amsar muka girma. In mai takarda ya tambaye ka wa ke zaune a gidan can, ba ka sani ba. Wa ya ja wannan waya, ba ka sani ba. Ba ƙarya muke ɗaukarta ba, rufin asiri ne, kuma ta sha tsare mutane daga jirgin da ba su shirya hawa ba. A kaina lissafin a fili yake: mutumin da takardarsa ta ce mai gadi, ya yi gini ba izini, a gidan tarihi, yana da shekara saba'in da ɗoriya. Na ga an ƙi sabunta masa iƙama, na gan shi a Damagaram inda duk sa'o'insa sun mutu. Na sauko daga benen nan ina jin na yi abin kirki.

Bayan kwana goma jikan mai gidan ya kawo wa Baba kwafin zanen da lajna ta mayar. Sun bi gidan gaɓa gaɓa sun sa launi: wannan na asali ne, a bari, wannan ya lalace, a gyara da irin kayansa, wannan ƙari ne, a cire. Zankwayen huɗu an zagaye su da ja. A gefe an rubuta cewa ƙari ne wanda ba a san mai shi ba, ba a san zamaninsa ba, kuma bai yi kama da ginin unguwar ba. Za a tabbatar da hukuncin a zama na gaba.

Baba ya naɗe takardar ya sa a ƙarƙashin matashinsa. Kwana uku yana tsakurar abinci. A na huɗu, bayan sallar asuba, ya ce mini in tambayo masa ranar zaman.

Na yi tsalle na dire. Na ce, "Baba, don dutse huɗu za ka kai kanka? In suka ce laifi ne fa? In kafili ya ce ka ja masa magana, ya ce halas, ya ɗauke hannunsa?"

Mijina ma ya sa baki, cikin ladabi, ya ce a yi haƙuri a bar wa Allah.

Baba ya ce, "Na bar wa Allah na Karantina. Wannan ban ji ya ce in yi shiru ba. In ba za ki je ba, ki faɗa mini lambar bas."

Na yi kuka, na yi masifa a kicin, na buga murfin tukunya. Sannan na goge masa babbar rigarsa ta gida, shuɗiya, wadda ba ya sawa sai da salla, domin ita ya ce zai sa. Shi da kansa ya kira kafilin ya gaya masa gaskiya. Mutumin ya ce kakansa ya taɓa ba su labarin ƙahon gidan, bai dai san Baba ne ya yi ba. Ya ce mu zo.

A wani tsohon gida da aka riga aka gyara suke zama, a ƙasa, kan dogon tebur. Mutum biyu ne a gabanmu, don haka na samu damar kallon yadda suke aiki, kuma a nan ne haushina ya fara sauka. Na farko mai shago ne, yana so ya faɗaɗa ƙofa ya sa ta ƙarfe mai naɗewa. Suka ƙi. Amma ba su sallame shi haka ba, sai da muhandisar ta zana masa a bayan takardarsa yadda zai yi ƙofar katako mai ninki huɗu da za ta buɗe masa faɗin da yake so ba tare da an fasa dutse ba. Ta biyu wata mata ce da ke son sa wa mahaifiyarta abin dafawa a matakala. Wannan ko minti biyar ba a yi ba suka amince, mu'allim ya faɗa mata inda itace yake a cikin bangon don a kafa a nan, kada a huda dutsen. Na lura ba wanda suka ce wa a'a ba tare da sun gaya masa dalili ba, kuma ba wanda suka tambaya ɗan wane ne.

Da aka zo kanmu, kafilin ya ce mai gadin gidan yana da magana. Baba ya miƙe, ya gyara rigarsa a kafaɗa.

"Ni na gina," ya ce da Hausa. "Faɗa musu, Uwata."

Na faɗa musu. Muhandisar ta ɗago ta dube ni, ni da na rantse mata a saman bene. Ta buɗe sabon shafi. Da ƙasa za ta tsage a lokacin da na shige.

Mu'allim ne ya karɓi maganar, kuma ba da wasa ba. Ya ce duk wanda ya ga dama zai iya cewa shi ya gina. Kwana nawa ka jiƙa nurar? Ina ka samo yashi? Ka wanke shi? Bayan layi nawa ka sa itace? Tambaya biyu na fassara, a ta uku Baba ya manta da ni. Ya shiga amsawa da Larabcinsa na kasuwa, yana nunawa da hannu, yana auna tsawo da kamu. Mu'allim ya ce a nan ba a yin yaɓe da kauri haka, Baba ya ce ai shi ya sa naku ke zubewa. Ɗakin ya ɗauki dariya, har shugaban zaman, wani dattijo mai farin gemu da tun da muka shigo bai motsa fuska ba.

Shugaban ya tambaye shi amfanin tsinin. Baba ya ce a nan ake ɗaura igiya in za a sauka yi wa bango yaɓe, kuma yana danne kusurwa kada ruwa ya buɗe ta. Ya ƙara da cewa a garinsu in magini ya gama soro bai sa zanko ba, kamar ya fita taro ne ba hula.

Daga nan sai ya yi abin da ya sa na dafe ƙirji. Ba wanda ya tambaye shi, ya ce kusurwar da ke kallon teku ba ta da kyau. Ya ce a nan nurarsa ta ƙare, ya yi gaggawa ya yi aiki da wadda ba ta gama jiƙa ba, yashin ma bai wanke ba, kuma tun ranar yake jin kunyar wurin. Ya ce simintin da ke jikinta kuma wani mai son taimako ne ya shafa bara waccan, ba da saninsa ba. Mai son taimakon nan kuwa mijina ne, Allah ya sa yana wurin aiki. Mu'allim ya buga tebur ya ce shi ma abin da harshensa ya gaya masa ke nan.

Ba duka suka goyi bayanmu ba. Wani mai tabarau a ƙarshen tebur ya ce yana girmama dattijon, amma aikinsu shi ne tsare kamannin unguwar yadda magabata suka bar ta. In aka bar wannan, gobe wani zai zo da nasa ƙarin da nasa labarin, a ina za a tsaya? Na so in ji haushinsa, na kasa, domin da gaskiyarsa, kuma ya faɗe ta yana kallon idon Baba. Wata malama mai koyar da tarihi ta amsa masa cewa garin nan mashigar alhazai ne, katakon roshan ɗin ma ta teku ya zo, kuma mutanen da suka zo daga yamma da ƙafa sun yi ɗaruruwan shekaru suna ɗaukar dutse a unguwar nan ba a san hannun ko ɗaya daga cikinsu ba. Yau ga hannu ga mai shi. Suka yi ta yi, ba tsawa, ba gatse. Shugaban ya ce abu uku za su duba: ko ƙarin yana cutar da gidan, ko ya daɗe har ya zama cikin tarihinsa, ko za a iya tabbatar da maganar. Za su koma su sake gani.

Har an ce mu tafi, bakina ya ƙi haƙura. Na ce don Allah, wannan maganar za ta taɓa takardunsa? Shugaban ya cire tabaransa na karatu ya ce, "Ya binti, mu bango muke tambaya."

Mako uku muka yi muna jira. Sun koma gidan sau biyu, sun ɗebi ɓarɓashin yaɓen a 'yar leda, sun nemo tsofaffin hotunan unguwar har suka ga tsinin a bayan wani hoto da aka ɗauka daga saman maƙwabta. Sannan takarda ta fito. Zankwaye uku za su tsaya yadda suke, ba mai taɓa su. Na kusurwar teku za a sauke shi, a kankare simintin, a sake gina shi da dutsensa da siffarsa, kuma a ƙarƙashin idon wanda ya gina shi tun farko. Mai tabarau bai canza ra'ayinsa ba, an rubuta haka a ƙasa, ya kuma sa hannu tare da sauran. Har yau in na tuna mutanen nan sai in ji sun cika mini ido. Sun ɗauki katangar mai gadi da nauyin da suka ɗauki ƙofar attajiri.

Aka ba Baba wani magini ɗan Yaman, mutum mai 'ya'ya manya, wanda da farko bai ga abin da tsoho baƙar fata zai koya masa ba, daga baya kuma ya koma kawo masa shayi. Gwiwoyin Baba sun riga sun gaji, sai ya huta a kowane hawa kafin ya kai sama. Ya sa aka jiƙa nura a rabin durom, ya hana kowa taɓa ta. Ɗan kwangila ya yi ta yalla yalla, wai a yi sauri, Baba ya ce wancan karon ma yalla ce ta ɓata aikin.

Wata safiya na kai masa kunu a can. Na same shi zaune kan akwatin katako, yana juya nurar da sanda, ta yi laushi kamar kindirmo. Ɗan Yaman ɗin ya sauka ɗauko ruwa, muka rage mu biyu. Tun ranar da lajna ta fara zuwa maganar ke cina, shi kuma bai taɓa tayar da ita ba, wanda ya fi mini zafi a kan ya zage ni. Na durƙusa a gefensa.

"Baba, ka yafe mini. A nan wurin na tsaya na ce ban san wanda ya gina ba, kana ji."

Bai daina juyawa ba. Ya ɗaga sandar ya duba yadda nurar ke zuba, ya mayar.

"Me zan yafe, Uwata? Ai ni na koya miki. Tun kina koyon magana nake koya muku ku ce ba ku sani ba." Ya miƙo hannu ya karɓi kofin kunun. "Ranar nan da ba ki riga ni ba, abin da zan faɗa mata ke nan."